Waiwaye: Wa ya biya kuɗin lifidi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ta fadar Kano ranar Hawan Daushe ya ga 'yan lifidi. Doki a lulluɓe tun daga wuya har gwiwa, ba ka ganin komai nasa sai idanu da ƙafafu. Mahayin ya sha kwalkwali, jikinsa cikin riga mai kauri da aka ɗura wa audugar rimi, gumi na tsatsafo masa. Yau ado ne. Amma shekaru 600 da suka wuce wannan shiga ita ce makami mafi tsada a ƙasar Hausa, kuma tsadarta ta yi tasiri a kan wanda zai yi sarauta, da wanda zai yi noma, da wanda za a sayar.

Kundin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, saboda ɗimbin mutanen da Kanawa suka rasa a yaƙin Umbatu. Kibiya mai dafi ko ƙwarzane ta yi wa doki ta gama da shi, lifidi kuwa yana shanye ta kafin ta kai fata.

Sai dai ba kowane doki ke ɗaukar wannan nauyi ba. Ƙuru ba zai iya ba, sai ingarma, manyan dawakin nan kuwa da farko daga arewa ake ƙetaro hamada da su. Ibn Baɗɗuɗa, da ya je Mali a 1352, ya tarar ana sayar da doki ɗaya miskali 100 na zinariya. Matafiyi Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a farkon ƙarni na 16, ya ba da labarin yadda Sarkin Borno ke ba fataken Arewacin Afirka bayi 15 zuwa 20 a kan doki guda, kuma fataken kan zauna jira har sarki ya dawo daga hari kafin a biya su. Wato da dokin da aka karɓa bashi ake zuwa kamo kuɗinsa.

Nan ne zuciyata ke tsayawa duk lokacin da na karanta wannan tarihi. Kanajeji kansa yana aika wa Kwararrafa dawakai, su kuma suna aiko masa da bayi. A kudu tsando na kashe dabbobi, don haka kullum ana neman sababbi, cinikin bai taɓa yankewa ba. Zamanin Abdullahi Burja, daga 1438 zuwa 1452, kundin ya ce Galadima Dawuda ya shekara bakwai yana yaƙi a kudu, yana aiko da bayi 1,000 a kai a kai, har ya kafa garuruwa 21 ya zuba su. Waɗannan mutane ne masu uwa da uba da sunaye, an mayar da su lissafi. Su ne kuma suka noma dawar da ta cika rumbunan barga.

Don doki ci yake yi ko ana yaƙi ko ba a yi. Yana son dawa da harawa da dusa da kanwa, yana son mai yankan ciyawa da mai kilisa da zagi. Baduku zai haɗa sirdi, maƙeri ya ƙera linzami da likkafa da ƙaimi, maɗinki ya yi lifidi, sulke kuwa akasari daga wajejen Masar yake zuwa. Talaka ba shi da wannan hali. Sai sarki ya raba wa hakimai garuruwa su ci harajinsu, da sharaɗin in an buga tambari kowa ya fito da dawakinsa. Hakimi shi ma ya ba baransa doki, baran ya biya da mubaya'a, in ta kama ya biya da ransa. Dubi sunayen sarautun kawai: Madawaki, Ubandawaki, Sarkin Dawaki, Barde, da Shamaki mai kula da barga. Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, har dawakin zage ya ƙirƙiro a yaƙinsa da Katsina, waɗanda ake ja babu mahayi domin canji.

Haka abin yake a Turai, inda aka riƙa ba mayaƙa ƙasa don su iya riƙe doki da sulke. A can kibiya ta karya musu lago, ranar da maharban Ingila suka zubar da baraden Faransa a Crécy a 1346.

Namu ya daɗe fiye da nasu. Idris Alauma na Borno ya kawo 'yan bindiga Turkawa a ƙarni na 16, amma doki bai sauka daga matsayinsa ba. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni 1804, jama'ar Shehu Usmanu, da dawakinsu ba su wuce 20 ba, suka kori rundunar Gobir da 'yan lifidinta, da baka da kibiya. Amma da daular Sakkwato ta kafu, sarakunanta suka koma kan barga, da hari, da gandu.

A watan Fabrairu 1903, a Kwatarkwashi, dawakin Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta sukuwa kan sahun sojan Ingila, harsashi na zubar da su, Wazirin ma a nan ya kwanta dama. Auduga ba ta tare dalma. Bayan nan lifidi ya koma kayan hawan salla, kuma har gobe zagage a ƙasa suke tafiya, gefen dokin.