Muɗɗalib ba sunan Allah ba ne fa

Mutane da yawa in sun ji Abdulmuɗɗalib sai su ɗauka irin su Abdullahi da Abdurrahman ne, alhali Muɗɗalib baya cikin sunayen Allah kwata-kwata. Sunan mutum ne, baffan kakan Annabi (SAW).

Shi kakan, wato Abdulmuɗɗalib, asalin sunansa Shaiba, a Yasriba, wato Madina, ya taso wajen mahaifiyarsa Salma bayan babansa Hashim ya rasu a Gaza, da baffan ya je ya ɗauko shi suka shigo Makka yana bayansa kan raƙumi sai mutane suka zata bawa ya sayo, suka ce bawan Muɗɗalib, shikenan suna ya bi shi. Shi yasa malamai suka yi saɓani kan raɗa wa yaro shi, wasu sun halatta, wasu sun ce a bari.