Wadatar abinci da cinikin amfanin gona a ƙasashe masu tasowa

Wadatar abinci ita ce halin da kowane mutum, a kowane lokaci, yake iya samun abinci isasshe, mai tsafta da gina jiki, wanda zai riƙe shi cikin ƙoshin lafiya. Ma'anar da ƙasashen duniya suka tsayar ke nan a taron ƙoli da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta kira a birnin Rum a 1996. Abu huɗu ake dubawa wajen auna ta: ko akwai abincin, ko mutane na da halin samunsa, ko yana amfanar jiki, sannan ko hakan zai ɗore daga wannan shekara zuwa waccan. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 733 sun yi fama da yunwa a 2023. A Afirka abin ya kai mutum ɗaya cikin biyar.

Yunwa ga abinci a kasuwa

Abin da duniya ke nomawa ya isa ya ciyar da jama'arta. Masanin tattalin arziki ɗan Indiya, Amartya Sen, ya nuna a 1981 cewa a yunwar yankin Bengal na Indiya ta 1943, wadda ta ci rayuka miliyan 2 zuwa 3, shinkafa ba ta yi ƙarancin da zai kashe mutane haka ba. Farashi ne ya yi tashin gwauron zabi a lokacin yaƙi, ladan 'yan ƙwadago da masunta kuwa bai motsa ba. Tun daga nan nazarin yunwa ya koma kan tambayar wa ke iya saye.

Yawancin masu fama da yunwa a karkara suke, da dama kuma ƙananan manoma ne. Sukan sayar da hatsi da kaka lokacin da ya faɗi, don biyan bashi ko magani, su dawo su saye shi da tsada kafin sabo ya nuna. Nan wuyar manufar noma take. Tsadar hatsi riba ce ga mai rara, azaba ce ga talakan birni da manomin da rumbunsa ya ƙare. Duk farashin da gwamnati ta kare, akwai wanda zai ɗauki nauyinsa.

Manufofin cikin gida

Bayan samun 'yancin kai, gwamnatoci da yawa sun zaɓi birni. Hukumomin sayen amfanin gona suna biyan manomi ƙasa da farashin duniya, ana kuma ɗaga darajar kuɗin ƙasa yadda abincin waje zai shigo da araha. Noma ya zama saniyar tatsa.

Wasu ƙasashen Asiya sun bi wata hanya. Gajeriyar alkama da masanin noma ɗan Amurka Norman Borlaug da abokan aikinsa suka inganta a Meziko, da shinkafar IR8 da aka fitar a Filifin a 1966, sun zo tare da madatsun ruwa, takin zamani, bashin noma da farashin da gwamnati ta yi alkawarin saye da shi. Alkamar Indiya ta tashi daga kusan tan miliyan 12 a 1965 zuwa kimanin miliyan 20 a 1970. Iri shi kaɗai ba zai yi wannan ba sai da hannun hukuma. An kuma biya farashi, don ruwan ƙarƙashin ƙasa na ta ja baya a jihar Punjab ta Indiya har yau.

A shekarun 1980 bashi ya danne ƙasashen Afirka da Latin Amurka, sai Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na IMF suka gindaya sharuɗɗa: a rushe hukumomin saye, a janye tallafin taki, a buɗe iyakoki. Wasu daga cikin hukumomin nan dama sun ruɓe, rushe su bai zama asara ba. Kuskuren shi ne zaton cewa 'yan kasuwa za su cike gurbin nan take, a wuraren da babu hanya, babu rumbu, babu banki. Malaman gona suka ragu, bincike ya yi rauni. A Maputo a 2003 shugabannin Tarayyar Afirka sun yi alkawarin ware wa noma kashi 10 cikin 100 na kasafi, suka sabunta shi a Malabo a 2014, amma ƙasashe kaɗan ne suka cika. Malawi ta dawo da tallafin taki a 2005, masara ta ƙaru, sai dai shirin ya riƙa lashe kaso mafi tsoka na kuɗin ma'aikatar gona. Siri Lanka kuwa ta hana shigo da takin zamani kwatsam a 2021, shinkafa ta faɗi, aka janye dokar cikin watanni.

Dokokin ciniki

Ba ƙasar da ke noma duk abin da take ci, kuma wadda fari ya afka wa ciniki ne ke ceton ta. Gardamar a kan dokokin take. Yarjejeniyar noma ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, wadda ta fara aiki a 1995, ta auna tallafin da aka yarje wa kowace ƙasa da abin da take bayarwa a shekarun 1986 zuwa 1988. Amurka da Tarayyar Turai, masu ba da tallafi mai yawa a lokacin, suka samu fili mai faɗi. Waɗanda ba su da abin bayarwa suka tashi da ɗan kaɗan.

Haiti ta rage kuɗin fiton shinkafa zuwa kashi 3 cikin 100 a 1995, shinkafar Amurka mai tallafi ta mamaye kasuwarta, manoman gida suka durƙushe. Tsohon shugaban Amurka Bill Clinton, wanda a zamaninsa aka yi haka, ya ce a 2010 kuskure ne. A taron WTO na 2003 a birnin Cancun na Meziko, Benin, Burkina Faso, Chadi da Mali sun kai kukan tallafin da ƙasashe masu arziki ke ba manoman audugarsu, wanda ke karya farashin da manomansu ke samu. Birazil ta kai Amurka ƙara gaban WTO kan audugar ta yi nasara, aka sasanta a 2014 da biyan dala miliyan 300. Ƙasashen Afirka huɗun nan ba su samu irin wannan diyya ba. Sai a taron Nairobi na 2015 aka amince a daina tallafin fitar da amfanin gona. Batun ko gwamnati na iya sayen hatsi da farashin da ta yanka don ta tara wa talakawa, kamar yadda Indiya ke yi wa mutum kusan miliyan 800, an rufe shi da sulhun wucin gadi a Bali a 2013, kuma har yanzu bai samu maslaha ta dindindin ba.

Lokacin tsanani

Raunin dogaro da kasuwar duniya a lokacin firgici yake bayyana. A 2007 da 2008 Indiya da Biyetnam sun taƙaita fitar da shinkafa, Filifin ta shiga saye da gaggawa, farashin tan ɗaya ya ninka kusan sau uku har ya kai dala 1,000, alhali girbin duniya bai lalace ba. An yi tarzoma a ƙasashe da dama, a Haiti firaminista ya rasa kujerarsa. A 2022 Rasha ta mamaye Yukren, ƙasashe biyun da ke fitar da kusan kashi 30 cikin 100 na alkamar kasuwar duniya, ma'aunin farashin abinci na FAO ya kai inda bai taɓa kaiwa ba a watan Maris. Yarjejeniyar Bahar Aswad da Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka shiga tsakani ta fitar da kusan tan miliyan 33 na kayan abinci daga Yukren kafin Rasha ta fice a Yulin 2023. A watan nan kuma Indiya, mai riƙe da kusan kashi 40 cikin 100 na cinikin shinkafa, ta hana fitar da farar shinkafa wadda ba basmati ba.

Kowace gwamnati tana da hujjar kare jama'arta, amma idan masu sayarwa suka rufe ƙofa a lokaci ɗaya, matalauciyar ƙasa mai saye ce ke kwana da yunwa. Shi ya sa yankuna suka fara tanadin haɗin gwiwa. Ƙasashen kudu maso gabashin Asiya da Sin, Japan da Koriya ta Kudu sun kafa rumbun shinkafa na ko-ta-kwana a 2011, ECOWAS ta amince da nata rumbun a 2013, yankin ciniki maras shinge na Afirka kuma ya buɗe a Janairun 2021. A taron WTO na Janiba a 2022 an yarda cewa ba za a hana fitar da abincin da Shirin Abinci na Duniya ya saya don agaji ba. Matakin ya tsaya a kan kayan agaji kawai. Dokar cinikin duniya da ke ba ƙasa damar rufe iyakarta ga sauran masu saye idan ta ga alamar ƙarancin abinci tana nan yadda take tun 1947.