Ware sinadaran magani daga tsirrai da kayan abinci

Ware sinadaran magani fanni ne na ilmin kimiyyar sinadarai da ke neman ainihin abin da ke aiki a cikin ganye, saiwa, sassaƙe, 'ya'yan itace ko hatsi, a fitar da shi shi kaɗai, a gano tsarinsa, sannan a gwada abin da yake yi wa jikin mutum, dabba, ƙwaro ko ƙwayar cuta. Ganye ɗaya na ɗauke da ɗaruruwan sinadarai, kuma sau da yawa wanda ake nema bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin busasshen ganyen ba. A jihohin Kebbi da Zamfara fannin ya shafi tsirran da kowa ya sani: bagaruwa, sabara, dogon yaro, zoɓo, albasa da shinkafa.

Tarihi

Jiƙo, dafawa da tacewa sun daɗe a hannun masu maganin gargajiya da masu sana'a. Majemin da ya daka 'ya'yan bagaruwa ya jiƙa ya tsoma fata a ruwan, tanin yake fitarwa, wato sinadarin da ke kama naman fata ya hana ta ruɓewa. Baduku kuma yana samun jan rini daga karan dafi. Abin da ƙarni na 19 ya ƙara shi ne raba sinadari ɗaya da sauran har ya zama tsantsa, ana iya auna shi a ma'auni.

Galibi ana fara lissafi daga wani matashin mai harhaɗa magani a Jamus, Friedrich Sertürner, wanda ya fitar da mofin, maganin kashe raɗaɗi, daga ofiyom, busasshen ƙaron wata shuka mai sa maye, wajen 1804 ko 1805. A 1819 Friedlieb Runge ya ware kafeyin daga 'ya'yan kofi, sinadarin da ke hana mai cin goro barci. Shekara guda bayan haka Pelletier da Caventou suka fitar da kwinin daga ɓawon itacen sinkona a birnin Faris. Kafin su, likita garin ɓawon yake bayarwa, wani ɓawon mai ƙarfi, wani salam, ba ya da tabbacin abin da ya ba maras lafiya. Da aka samu kwinin tsantsa sai awon maganin zazzaɓin cizon sauro ya daidaita.

Tsirran Afirka sun shiga wannan tarihi ta ƙofar dafi. A 1864 Jobst da Hesse suka ware fisostigmin daga waken Kalaba, wanda a da ake shayar da waɗanda ake tuhuma a kudu maso gabashin Nijeriya, daga baya sinadarin ya zama maganin hawan jinin ido. Thomas Fraser na Jami'ar Edinbara ya yi shekaru yana nazarin 'ya'yan wata shuka da maharban yankin kogin Zambezi ke shafa wa kibiya, ya fitar da sitrofantin, ya gabatar da shi a matsayin maganin zuciya wajen 1885. Kwankwani, wanda maharban ƙasar Hausa ke haɗa dafin kibiya da shi, ɗan dangin wannan shuka ne, kuma irin sinadaran da ke cikinsa ke tsayar da zuciyar naman daji. Akwai ma sinadarin da ke ɗauke da sunan Hausa a littattafan kimiyya na duniya: tinyatoksin, wanda aka fitar daga ƙaron tinya a shekarun 1970, mai zafin da ya ninka na barkono nesa ba kusa ba.

Labarin da ya fi kusa da manoman fadamun Argungu da Yauri shi ne na dusar shinkafa. A shekarun 1890 wani likita ɗan ƙasar Holan, Christiaan Eijkman, ya lura a tsibirin Jaba na ƙasar Indunusiya cewa kajin da ake ba farar shinkafa da aka goge tas suna shanyewar ƙafa, idan aka mayar musu da dusar sai su miƙe. An ɗauki kusan shekara talatin ana bin sawun abin da ke cikin dusar, har Jansen da Donath suka fitar da shi tsantsa a 1926. Shi ne tiyamin, wato bitamin B1. Matan da ke yin gumi, su jiƙa shinkafa da ƙaiƙayinta su turara su shanya kafin a surfe, suna tura wani kaso na wannan bitamin cikin ƙwayar ne, shi ya sa shinkafar gumi ta fi farar da aka goge riƙe shi.

Masu binciken yankin har yau suna komawa ga aikin John Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa, wanda ya wallafa jerin sunayen tsirrai na Hausa a 1916 da babban littafinsa kan tsirran Yammacin Afirka masu amfani a 1937.

Yadda ake aikin

Ana fara da tabbatar da shukar. Mai bincike yakan tsinko reshe da ganye da fure ya kai ɗakin adana busassun tsirrai a ba shi lamba, domin suna ɗaya na Hausa na iya hawa kan tsirrai biyu, shuka ɗaya kuma ta amsa suna uku: dogon yaro a Kebbi da Zamfara, bedi a Katsina, darbejiya a Kano. Sai a shanya a inuwa, a daka, a jiƙa garin. Akan bi ruwan jiƙo daga wanda ke ɗebe maiƙo, kamar hekzen, zuwa wanda ke jituwa da ruwa, kamar metanol ko etanol, kowanne ya kwaso nasa kaso. Wasu na amfani da na'urar gilashi da Franz von Soxhlet ya ƙirƙiro a 1879, wadda ke ta maimaita wanke garin da ruwan jiƙo mai ɗumi.

Zafi yana ɓata wasu sinadarai. Tu Youyou, wata mai bincike ta ƙasar Sin da ke neman maganin zazzaɓin cizon sauro a ganyen wata shuka, ta gano haka bayan ta karanta a rubutun Ge Hong, wani masanin magani na ƙarni na 4, cewa jiƙa ganyen ake yi a ruwa a matse. Da ta bar tafasawa ta koma jiƙo mai ƙarancin zafi a 1971 sai gwajin ya yi aiki, aka samu atemisinin a 1972, ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro na yau. Ta samu kyautar Nobel a 2015.

Daga nan sai gwajin share fage. Idan aka girgiza jiƙon aduwa ya yi kumfa mai daɗewa, alamar saponin ce. Ɗigon ruwan gishirin ƙarfe a kan jiƙon bagaruwa yana mayar da shi baƙi mai shuɗi-shuɗi, alamar tanin, kuma haka kuloko ke yi idan baduku ya shafa shi a kan jemammiyar fata. Ruwan gwajin Dragendorff yana nuna alkaloyid da laka ruwan goro. Waɗannan gwaje-gwaje rukuni kawai suke nunawa, ba su faɗin sunan sinadarin.

Rabawa ta ainihi ana yin ta da kuromatogirafi, dabarar da Mikhail Tsvet na Rasha ya bayyana a 1906. Ana cika dogon bututun gilashi da garin silika, a zuba jiƙon a sama, a riƙa bin sa da ruwan wanki. Sinadarin da garin bai riƙe sosai ba shi ke riga sauka, mai mannewa ya yi baya, sai ka ga jiƙon da ya shiga kore shar ya rabu zobe-zobe, rawaya a ƙasa, kore a sama. Ana tarar kowane kaso a kwalbarsa a gwada shi a kan ƙwayoyin cuta, wanda ya yi aiki a sake raba shi, haka har a iso ga abu ɗaya. Tsarinsa kuma na'urori ke bayyanawa: mai auna nauyin ƙwayar sinadari, da na'urar NMR mai amfani da maganaɗisu wajen nuna yadda ƙwayoyin zarra suka jeru.

Tsirran yankin

Dogon yaro baƙo ne daga Indiya, ana cewa ya shigo ta Borno wajen 1928. A 1959 Heinrich Schmutterer ya ga fara ta cinye gonaki a Sudan ta bar dogon yaro da ganyensa. Butterworth da Morgan suka ware azadiraktin daga 'ya'yansa a 1968, sinadarin da ke hana ƙwari ci da girma, amma tsarinsa ya wahalar da masana har tsakiyar shekarun 1980, kuma sai a 2007 aka iya haɗa shi a ɗakin gwaji a Kambirij. Manomin da ke shimfiɗa ganyen a rumbu dangin wannan sinadari yake amfana da su.

Jan zoɓo daga antosayanin yake. Matsa lemun tsami a ciki sai jan ya ƙara haske, jefa kanwa sai ya dushe ya yi duhu. Albasar da Aliero ta yi suna da ita tana da kwasetin, mafi yawansa a ɓawon waje da ake zubarwa. Lalle na da loson mai kama fata da farce, sabara na da tanin da alkaloyid irin su haman, zaƙami kuwa na ɗauke da sikofolamin da atrofin, masu gusar da hankali, su kuma kashe idan sun yi yawa.

Nifrisan

Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, NIPRD, ta samar da Nifrisan don masu ciwon sikila a shekarun 1990, daga haɗin wani mai maganin gargajiya. Cikin tsirrai huɗun da ke ciki akwai masoro, kanumfari da ganyen dawa. Haɗi ne da aka daidaita awonsa, ba a rage shi zuwa sinadari ɗaya ba.

Bincike da doka a yau

Ana koyar da fannin a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, da jami'o'in tarayya na Birnin Kebbi da Gusau, waɗanda aka kafa a 2013. Yawancin ayyukan ɗalibai kan tsaya a gwajin share fage, saboda tsadar manyan na'urori, kuma rashin tsaro a dazuzzukan Zamfara ya takura masu ɗiban saiwa da sassaƙe. Hukumar NAFDAC ce ke rajistar magungunan gargajiya.

Saɓani

Masana sun rabu kan ko sinadari ɗaya tsantsa ya fi jiƙon shuka gaba ɗaya. Ana kuma yawan ɗaukar kashe ƙwayar cuta a faifan gwaji a matsayin shaidar warkarwa, alhali sai an yi gwaji a kan mutane ake iya cewa haka. Tazargade dangin shukar atemisinin ce, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da shan jiƙon ganyen a madadin maganin asibiti ba. Batun hakkin masu ilmin gargajiya idan aka samu riba yana ƙarƙashin yarjejeniyar Nagoya ta 2010.