Wanda 'yan fashi suka raunata: magani tukuna, sannan takardar likita

Duk wanda ke zaune a arewacin Kamaru tsakanin Garwa da Ngaundere, ko can wajen Tuboro da Collire a yankin Mayo-Rey, ya san 'yan fashin da ake kira zargina ba tatsuniya ba ne. A da hanya suke tarewa ranar kasuwa, su kwantar da fasinjoji su kwashe abin da ke aljihu. Yanzu sun sauya salo. Sukan dira ruga ko ƙauye da tsakar dare, su ɗauke mai gida ko ɗansa su shige daji, ba za a sake ganinsa ba sai an sayar da shanu an kai musu miliyoyin sefa. Ga iyakar Chadi da ta Afirka ta Tsakiya kusa, mutum ya yi ta'asa a nan ya wayi gari a wata ƙasa. Ni ma'aikacin lafiya ne, ba jandarma ba kuma ba alƙali ba. Sai dai abin da waɗannan mutane suke bari a jikin bayin Allah wurinmu yake zuwa, kuma shari'arsu, in za a yi ta, sau da yawa daga ɗakin ɗinki take farawa.

Gwamnatin Kamaru ta daɗe tana yaƙar wannan annoba, kuma mafi yawa da ƙarfin bindiga da tsananin doka. Rundunar sojoji ta musamman, BIR, da muke gani a hanya, tun 2001 aka kafa ta saboda masu tare hanya, kafin ma a san da Boko Haram a ƙasar nan. Akwai dokar 1990 da ta ba gwamna da firefe, wato shugaban mulkin yanki, ikon tsare mutum kwana 15, a kuma sabunta, idan ana zarginsa da manyan fashi. A Disambar 2014 aka yi dokar yaƙi da ta'addanci mai hukuncin kisa, a Yulin 2016 aka sabunta kundin hukunta laifuka baki ɗaya. Fashi da bindiga kuwa kotun soja ce ke sauraronsa. Doka dai ba ta yi ƙaranci ba. Amma soja kamawa yake yi, ɗaurewa aikin alƙali ne, alƙali kuma hujja yake nema. In babu wanda ya kai ƙara, babu takardar da ta nuna an raunata wani, ɗayan biyu ne: ko a saki wanda aka kama ya dawo gari yana harare-harare, ko ya yi ta zama a kurkuku shekara da shekaru ba a yanke masa hukunci ba, ko da kuwa ba shi da laifi. Babu alheri a ko ɗaya.

Ga yadda abin yakan zo mana. A kawo saurayi a kan babur bayan kwana huɗu ko biyar, hannu a naɗe da tsumma. In an kwance, sai ka tarar an cusa toka da garin magani, wani lokaci har da baƙin man inji, wurin ya kumbura yana ɗoyi. Sara uku ne a bayan damtse, a jere, irin wanda mutum ke samu idan ya ɗaga hannu yana kare kansa daga adda. Ka tambaya, uban ya sunkuyar da kai ya ce, "Likita, a kan garma ya faɗi." Garma ba ta sara sau uku. Na san dalilinsa, kuma ba na ganin wautarsa: yana tsoron wanda ya nuna gidansa yana nan cikin gari, yana tsoron mu kira jandarmomi a juya maganar a kansa, yana tsoron kuɗi. To amma jinkirin nan shi ke mai da raunin da za a ɗinke cikin rabin awa ya zama na yanke hannu. A sa'o'in farko ake wanke rauni a ɗinke shi lafiya. A nan ne kuma allurar tetanus take da amfani, ciwon nan mai sandarar da jiki ya ƙulle haƙora, wanda ƙasa da kashin dabbobi ke ɗauke da ƙwayarsa.

Kafin a iso asibiti, a danne inda jini ke fita da tsumma mai tsabta, a danne da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Wuƙa ko kibiya da ta maƙale a jiki a bar ta yadda take. Harsashi kada wanzami ya tono shi. Ban da haɗarin ɓalle jijiya, shi kansa harsashin hujja ne, likita zai cire ya adana. Wanda aka harba ko aka soka a ciki kada a ba shi ruwa ko abinci, komai roƙonsa, domin wataƙila tiyata za a shiga da shi.

Game da tsoron tonon asiri, doka tana bayan mara lafiya. Sashe na 310 na kundin hukunta laifuka ya tanadi ɗauri ga ma'aikacin da ya fallasa sirrin da ya sani ta hanyar aikinsa. Sashe na 283 kuma ya tanadi ɗauri ga duk wanda ya ƙi taimakon mutumin da ke cikin haɗarin mutuwa alhali yana da iko. Saboda haka wanda jini ke zuba a jikinsa magani ake fara yi masa, maganar takarda daga baya. Ba zan ɓoye muku ba, idan hukumar shari'a ta aiko wa likita da umarni a rubuce, zai amsa abin da aka tambaye shi. Wannan daban yake da a ji labarinka a bakin kasuwa.

Yanzu ga takardar da nake son kowa ya riƙe sunanta, wadda a asibiti da birged, wato ofishin jandarma, ake kira sartifika mediko-legal. Cikakken likita ne yake sa mata hannu, don haka mu da ke ƙananan cibiyoyi mukan tsayar da jini, mu rubuta abin da muka gani, mu tura mutum asibitin gunduma. A cikinta likita yana bayyana raunukan ɗaya bayan ɗaya, girmansu da inda suke, sannan ya rubuta kwana nawa mutum zai yi bai iya aiki ba. Wannan adadin kwanakin shi alƙali ke dubawa. Idan ya wuce kwana 8 bai wuce 30 ba, sashe na 281 ne, ɗaurin kwana 6 zuwa shekara 2. Idan ya haura kwana 30, an shiga sashe na 280, wata 6 zuwa shekara 5. Idan mutum ya rasa amfanin hannu, ƙafa, ido ko ji har abada, sashe na 277 ne, shekara 10 zuwa 20. Idan kuma a cikin fashi aka yi masa irin wannan illa ko aka kashe shi, sashe na 320 ya kai har hukuncin kisa. Kun ga layi ɗaya da likita ya rubuta yana iya sauya shari'a gaba ɗaya.

Likita kuwa abin da idonsa ya gani yake rubutawa. Wanda ya zo bayan wata guda, tabo kawai za a gani, kumburi da shatin duka sun baje. Wanda ya ce garma ce, garma za a rubuta a littafin asibiti, ranar da ya canza shawara ya je kotu lauyan wancan ɓangare zai ɗauko wannan littafin. Ku faɗa wa likita gaskiya ko da ba ku yanke shawarar kai ƙara ba. Karɓar takarda ba ya tilasta wa kowa zuwa kotu, ajiya ce. A ɗauki hoton raunin da waya tun ranar farko. A biya kuɗin takardar a wurin karɓar kuɗi na asibiti a karɓi rasit, a kuma tara rasit na magani da na gwaji, domin wanda aka cuta yana da damar neman diyya a cikin shari'ar laifin kanta. Takardar ta asali a ajiye a gida, kwafi ake yawo da shi. Wani abu kuma, kada a roƙi likita ya ƙara kwanaki. Takardar ƙarya laifi ce a kansa, in kuma aka gano ta, ta rusa ƙarar mai gaskiya.

Waɗanda aka sako daga daji su ne aka fi mantawa da su, saboda murna. Mutum ya dawo, a yanka rago, gida ya cika da 'yan barka, babu wanda ya dubi tafin ƙafarsa da ya tsattsage don tafiyar dare ba takalmi, ko wuyan hannunsa inda igiya ta ci fata ta bar zobe. Yawancinsu da zazzaɓin cizon sauro suke dawowa, da gudawa saboda ruwan kududdufi. Cikin da ya yi makonni da yunwa ba a fara shi da nama da mai. Kunu da ruwan gishiri da sukari tukuna, kaɗan-kaɗan. Bayan kwanaki sai a ga ba ya barci, ƙarar babur ta sa ya zabura, ya daina shiga mutane. A yi masa addu'a, a kuma kawo shi, wannan ciwo ne da muka sani kuma ana samun sauƙinsa. Shi ma yana da haƙƙin takardar likita. Kuma a kansa akwai abin da babu mai shi: yaren da masu garkuwar suke yi, kwana nawa aka yi ana tafiya, kogi nawa aka tsallaka, wa ke kawo musu gari da sigari. Irin wannan ba ya daɗewa a ƙwaƙwalwa, a samu mai amana ya rubuta tun da wuri. Lambar da ta kira ana cinikin fansa kada a goge ta, layukan waya a ƙasar nan da katin shaida ake yi musu rajista. Uban da ya sayar da garkensa ya fanso ɗansa ba ni da bakin zarginsa. Shirun da ke biyo baya shi ne ke sa a koma gidan maƙwabcinsa.

Iyayenmu mata, ga taku. Idan an yi wa yarinya ko matar aure fyaɗe a cikin irin wannan hari, akwai maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau, amma sai an fara shi cikin awa 72. Na hana ɗaukar ciki yana aiki har kwana 5, gwargwadon saurin sha gwargwadon ƙarfinsa. In da hali a zo kafin wanka, tufafin da ke jikinta a naɗe su a takarda, ba a leda ba. Sau da yawa uwa takan riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, a rufa mana asiri." Asirinku a rufe yake, Inna, kuna iya neman mace ta duba ta. Sashe na 296 ya tanadi shekara 5 zuwa 10 ga mai fyaɗe, kuma tun 2016 ko ya aure ta ba ya kuɓuta daga shari'a.

Ƙara ana kai ta birged na jandarma ko komisariya, wato ofishin 'yan sanda. Wanda hankalinsa bai kwanta da na kusa da shi ba yana iya rubutawa kai tsaye ga mai gabatar da ƙara na gwamnati a kotun yankinsa. Mara ƙarfi yana iya neman taimakon shari'a bisa dokar Afrilun 2009, a ofishin magatakardan kotu ake tambaya. Jauro da lawan da lamido suna da wurinsu, ɓarnar gona da rikicin iyaka sun fi kowa iya kashe su, kuma rakiyarsu tana ba mai ƙara ƙwarin gwiwa. Amma jini da garkuwa da mutane ba maganar sulhu a zaure ba ce.

'Yan banga kuma, Allah ya saka muku, kuna kwana a waje don mu yi barci. Wanda kuka kama ku miƙa shi da ransa da lafiyarsa. Mun sha karɓar wanda aka yi wa taron dangi kan zargi, washegari a gane baƙo ne ya ɓace hanya. In ma ɓarawon ne, gawa ba ta faɗin su wa suka aiko ta. Wanda aka tsare a hannun 'yan sanda ko jandarma, dokar 2005 ta ce awa 48 ne, a sabunta sau ɗaya, ƙari a kan haka sai da izinin mai gabatar da ƙara a rubuce. An hana azabtar da shi, danginsa da lauyansa na iya ganinsa a lokacin aiki, ana kuma iya neman likita ya duba shi. Ku riƙe wannan da kyau, don ranar da za a yi kame a kasuwa a haɗa da ɗanku.

Ta fuskar rigakafi, a ganina nan ne aka bar mu a baya. Sai da ɗan gari akan ci gari: wanda ya san Alhaji ya sayar da bijimai a kasuwar Adumri, ko ya san ranar da aka biya kuɗin auduga, ba daga wata ƙasa ya zo ba. Sau tari yaro ne da garken gidansu ya ƙare a biyan fansa, ko ɗan kilando, mai haya da babur, da tramol ya cinye abin da yake samu. Gwamnati ta buɗe cibiya a Mora bayan 2018 don tubabbun Boko Haram, amma irin waɗannan samari na ƙauyukanmu ba kowa ke waiwayarsu ba sai sun ɗauki bindiga. Yaron da ya fara farfaɗiya ba gadonta, ko ya kwana biyu ba barci yana zazzare ido, a kawo shi mu gani, barin ƙwayar nan a hankali ake yi da kulawar asibiti. Kuɗin ciniki kuma a zuba su a asusun waya ko banki tun a kasuwa, a rage faɗin abin da aka sayar a wurin mai shayi.

Lambar 'yan sanda 117 ce, ta jandarma 113. In kun kira, ku fara da sunan ƙauye da babban garin da ke kusa da shi, mutum nawa aka raunata, mutum nawa aka tafi da su, da wajen da maharan suka nufa. Kada a jira isowar jami'ai kafin a ɗauko mai rauni. Mutum ɗaya ya tsaya ya tarbe su, sauran su kamo hanyar asibiti.