Daga Holborn zuwa Ratcliffe: shekaru 142 na hayaƙin kwal

Ranar 30 ga Satumba 2024 aka kashe injinan tashar lantarki ta Ratcliffe-on-Soar da ke kusa da Nottingham, tasha ta ƙarshe mai ƙona kwal a Birtaniya. A ƙasar kuwa abin ya samo asali: a 1882 kamfanin Thomas Edison ya buɗe wata 'yar tasha a Holborn, cikin Landan, don haska tituna da gine-gine.

Dabarar ba ta canza ba tun lokacin. A ƙona kwal, ruwa ya tafasa, tururi ya juya injin. Abin da aka yi ta fama da shi shi ne inda za a kai dattin.

Da farko a tsakiyar gari ake gina tashoshin, irin su Battersea a bakin kogin Thames. Sai Disambar 1952, iska ta tsaya cik, hayaƙin murhun gidaje da na tashoshi ya haɗu da hazo ya lulluɓe Landan kwana biyar. Motoci suka tsaya, a wasu unguwanni mai tafiya bai iya ganin ƙafarsa. Ƙididdigar farko ta ce mutum 4,000 suka mutu. Binciken baya ya kai adadin kusan 12,000. Hakan ya haifar da dokar tsabtace iska ta 1956.

Maganin da aka samo, a ganina, shara ce aka tura ƙofar maƙwabci. Aka fitar da tashoshi bayan gari, aka ƙara wa bututun hayaƙi tsawo. Landan ta sarara, amma iska ta kwashi farar wutar da ke cikin hayaƙin ta tsallaka teku, ta sauko da ruwan sama mai asid a Norway da Suwidin, kifaye suka ƙare a tafkuna da dama. Ƙorafin waɗannan ƙasashe ya taimaka wajen ƙulla yarjejeniyar Geneva ta 1979 kan gurɓatar iska mai ƙetare iyaka.

Daga nan aka saka matatu masu kama toka da farar wuta. To, ina za a zuba tokar? A kududdufai, ga ta da sinadarai masu guba irin su asenik. A Disambar 2008 bangon irin wannan kududdufi ya fashe a Kingston, jihar Tennessee ta Amurka, taɓon toka fiye da galan biliyan 1 ya malale gidaje da koguna.

Iskar kabon da ke ɗumama duniya kuwa waɗannan matatu ba sa kama ta, kuma kwal na fitar da kusan ninki biyu na abin da iskar gas ke fitarwa. Wannan iskar kabon ce ta kai Birtaniya ga rufe tashoshin, duk da cewa a 2012 kusan kashi 40 na lantarkinta daga kwal yake. Amma har yau kusan kashi ɗaya cikin uku na lantarkin duniya kwal ne, kuma Sin kaɗai na ƙona fiye da rabin kwal ɗin da duniya ke amfani da shi.