Betula pendula, bishiya mai farin ɓawo

Betula pendula bishiya ce ta ƙasashen sanyi daga dangin Betulaceae. Tana fitowa a kusan duk Turai har zuwa Siberiya, amma a kudanci sai kan tsaunuka. Rashawa na kiran ire-irenta beryoza, mutanen Finlan kuma na ce mata rauduskoivu, kuma ita suka zaɓa bishiyar ƙasa a 1988. Masanin tsirrai Linnaeus ya haɗa ta da 'yar uwarta Betula pubescens a suna ɗaya, sai a 1788 Bajamushe Albrecht Roth ya ba ta sunan da take da shi yau. Mutanen zamanin da ma ba su cika bambanta su wajen amfani ba.

Kamanni da muhalli

Tsayinta kan kai mita 15 zuwa 25. Ƙananan rassanta na reto ƙasa, ɓawonta fari ne sol, yana ɓarewa falle-falle kamar takarda, in ta tsufa gindin ya yi baƙi ya tsattsage. Farin daga wani sinadari ne, betulin, wanda ke hana ruwa shiga. Iska ce ke kwasar ƙurar furenta da 'ya'yanta masu fikafikai, shi ya sa ta kan riga sauran itatuwa kama fili bayan gobara ko sarar daji. Ba ta jure inuwa, in manyan itatuwa suka rufe ta sai ta mutu, kuma ba kasafai take wuce shekara 100 ba. Saiwarta na zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da wasu nau'o'in naman kaza, har da jan nan mai ɗigon fari, Amanita muscaria, mai guba.

Kwalta da ɓawo

In aka gasa ɓawon a inda iska ba ta shiga sosai, yakan fitar da baƙar kwalta mai danƙo. An sami duwatsun aiki da ita a jikinsu a Italiya, ana ƙiyasin sun kai kimanin shekara 200,000. Masana sun saɓa kan ko haɗa ta na buƙatar wata babbar dabara. Gawar nan da aka tsinta cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps na Turai a 1991, wadda ake kira Ötzi, da wannan kwalta aka manne tsinin kibansa, kuma yana ɗauke da mazubai biyu na ɓawon, ɗaya da alamar ya zuba garwashi a ciki. Majeman Rasha sun daɗe suna shafa man kwaltar a fata, abin da ya ba fatarsu ƙamshin da aka san ta da shi.

A Nowe da Suwidin ana shimfiɗa ɓawon a rufin ɗaki, a danne shi da ƙasa mai ciyawa. Ana kuma saƙa kwanduna da takalma da shi.

Wasiƙun Nobgorod

Ranar 26 ga Yuli, 1951, masu tonon kayan tarihi ƙarƙashin Artemiy Artsikhovsky suka tono wani naɗaɗɗen ɓawo mai rubutu a birnin Nobgorod na Rasha. Daga nan zuwa yau an sami fiye da 1,000, na tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Kusan dukkansu ba tawada, da tsinken ƙarfe ko na ƙashi aka karce haruffan, kuma damshin ƙasar garin ne ya hana su ruɓewa. Abin da ke ciki harkar yau da kullum ce: tunin bashi, saƙon maigida ga baransa, ƙorafin mace ga danginta, har da neman aure. Waɗanda suka fi shahara na wani yaro ne, Onfim, mai shekara shida ko bakwai a ƙarni na 13. Yana cikin koyon baƙi sai ya bari, ya zana kansa a kan doki yana sukar abokin gaba da mashi, ya rubuta sunansa a gefe.

Sauran amfani

Da ƙanƙara ta fara narkewa, kafin ganye ya tofo, ana huda gindin a tari ruwanta a sha, musamman a Rasha, Yukren da Belarus. A ɗakin surace na Finlan ana ɗaure ɗanyun rassa kamar tsintsiya, vihta, ana bugun jiki da su. Katakonta na shiga aikin kujeru da takarda. Ƙurar furenta kan sa mutane da yawa atishawa da ƙaiƙayin ido.