Limoniya da Rikicewar Bugun Zuciya: Abin da Mai Jinya Ya Kamata Ya Sani

Da hunturu ya kama, ƙura ta rufe Garwa da Marwa, ɗakunan asibiti kan cika da masu tari da zazzaɓi da numfashi sama-sama. Hankalin kowa yana kan huhu, alhali zuciya ma tana cikin haɗari.

Me ya haɗa ciwon huhu, wato limoniya, da zuciya?

Huhun da ya cika da majina ba ya iya ba jini isasshen oksijin. Dole zuciya ta ƙara gudu don ta cike giɓin, ga zazzaɓi yana ingiza ta, ga ruwan jiki ya ƙafe, sinadaran potasiyam da magnesiyam sun ragu. Kumburin da jiki ke tayarwa don yaƙar ƙwayar cutar shi ma yana taɓa naman zuciya. A haka ne ɗakuna biyu na saman zuciya kan daina matsawa a tsare, su koma karkarwa kawai.

Wannan yana ƙara haɗarin mutuwa?

Ƙwarai. Wani bincike da aka buga a mujallar Circulation a 2012, kan majinyata a Amurka da Kanada, ya gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka kwantar saboda limoniya sun sami matsalar zuciya, ciki har da rikicewar bugu. Fiye da rabin matsalolin sun bayyana cikin awa 24 na farko, kusan duka cikin makon farko, kuma ga waɗanda suka sami matsalar zuciyar, haɗarin mutuwa cikin kwana 30 ya ƙaru da kusan kashi 60 cikin 100. Rikicewar alama ce ta cewa ciwon ya yi tsanani, kuma ita kanta tana ɓarna: jini ba ya fita da ƙarfi, ruwa na iya taruwa a huhun da dama yake fama, gudan jini na iya haɗuwa ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Wa ya fi shiga haɗari?

Tsofaffi, masu hawan jini, da masu tsohon ciwon zuciya.

Ni da nake zaune gefen gadon Baba, me zan iya yi?

Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ta gefen babban yatsa, ka ƙirga minti ɗaya cur. Bugun babban mutum a hutu yana tsakanin 60 da 100, a jere. In ka ji yana zuwa uku da sauri, ya tsaya, ya dawo a hargitse, ko Baba ya ce gabansa na faɗuwa, ko ya fara sambatu, kira ma'aikacin jinya nan take, ko da tsakar dare ne. Kunya ba ta da wuri a nan. Ka roƙi a maƙala masa na'urar auna oksijin a yatsa, a kuma yi gwajin ECG, mai nuna tsarin bugun zuciya, in akwai.

Sannan ka kawo duk kwalayen maganin da ya sha a gida. Wannan na fi damuwa da shi, domin mutanenmu kan ɓoye abin da suka saya wajen masu talla. Magungunan ƙwayar cuta irin su azithromycin da levofloxacin, har da kinin na zazzaɓin sauro, suna iya taɓa tsarin bugun zuciya, balle in an haɗa su.

Yana warkewa?

Sau da yawa bugun kan daidaita idan oksijin da ƙarin ruwa da maganin ƙwayar cuta suka yi aiki. Amma yana iya dawowa bayan sallama, don haka a koma a sake duba zuciyar ko da tarin ya tafi, likita ya yanke ko ana buƙatar maganin tsinka jini.